Baba Hafizu Ya Tafi Bai Gama Sauraron Umma Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Safar, bayan la'asar, Baba Hafizu maƙwabcinmu na unguwar Tandabawi a nan ƙasa mai tsarki ya rasu. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Baba, ban taɓa iya haɗa ido da kai ba. Idan Umma ta aike ni gidanku, a bakin ƙofa nake tsayawa sai ka ce, "Ya binti, shigo, ba na cizo."

Ka yi karatun harsuna a Jamus, kuma duk shekara kana yi wa alhazan Turai tafinta a Mina. Wata rana na kawo maka ruwa, ka ɗaga kofin ka ce, "Mujahida, Bajamushe na cewa Wasser, Baturen Ingila water, mutumin Suwidin vatten. Kakarsu ɗaya." Na ce wa ya ji kakar? Ka ce babu wanda ya taɓa jinta, ba a kuma rubuta ta ba. Masana ne suka jera jikokin, suka duba kamanninsu, suka ce watōr ce, suka sa mata tauraro a gaba don a san hasashe ne.

Sai na yi ƙarfin hali na faɗa maka damuwarmu. Kakata ta zo aikin hajji ta zauna, ta rasu Umma tana yarinya, ba ta bar sunan garinsu ba. Ba mu da iƙama, takardar izinin zama. Idan aka kama mu aka ce wace ƙasa za a mayar da mu, Nijar ko Najeriya, ba mu da amsa.

Ba ka yi dariya ba. Ka riƙa zuwa kana jan Umma da hira don ka gano garinsu daga irin Hausarta. Idan ta ce "hwari" ko "shina nan", sai ka gyaɗa kai. Ka ce, "Yamma ce, hajiya. Tsakanin Sakkwato da Tawa. Ƙara mini magana, kada ki yi rowa." A nan ka tsaya, ajali ya zo kafin ka gano garin.

Yanzu da na ji mota ta tsaya a layinmu sai in ɗauka masu kame ne. Duk wanda ya karanta wannan, in ya san Hausar yamma, don Allah ya zo ya saurari Umma. Zan buɗe masa ƙofa da kaina.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Iyalan Baba, Inna Rabi'atu da Yaya Nawaf, Allah Ya ba ku haƙuri. Amin.