Wasali Ɗaya

Duk shekara, kwana uku bayan babbar Sallah, mu shida muke haɗuwa a ɗakina a Gusau. A wurin mutanen gidan haya, kitso ne ya tara mu. Da hantsi sai mu saki labule, wata ta tsefe kai don kada a ce mun yi ƙarya, mu jingina waya a jikin kwanon sha. Fina-finai uku muke kallo, na mata masu son mata da na maza masu son maza. Mun ji a wasu ƙasashe ana yin irin wannan biki a babban zaure, har da tafi. Namu ke nan, ban kuma taɓa raina shi ba.

Ni kaɗai na yi nisa a boko, don haka akan rage sauti ni in riƙa fassara. Sai dai maƙwabciyata, ko tari na yi sai ta ce mini sannu ta bango. Saboda ita na koyi ha'inci: in mace ta gaya wa mace tana sonta, sai in ce "ina sonka". Mai sauraro zai ɗauka fim ɗin Indiya ne. Shekara huɗu ina haka, ina ganin ni ce mai wayo.

Bara, muna tsakiyar fim na biyu, babbar cikinmu, mai sayar da fura daga Bungudu, ta sa yatsa ta tsayar da shi.

"Ke, wagga mata da wa take magana? Ni ban ga namiji ba."

"Yaya, ana jin mu."

"Tun daga Bungudu munka biyo wagga hanya, rai ga hannun Allah, don ki hwaɗa muna ƙarya? Ƙarya ai muna da ita gida."

Na ji haushi, don gaskiya ta faɗa. Tsoron ma ba na banza ba ne, mun san abin da doka da gari za su yi mana. Na dubi masoyiyata a cikinmu, wadda ta zo daga Tsafe. Shekara bakwai muna tare, ban taɓa furta mata kalmar nan da baki ba, sai a saƙon da ake karantawa a goge. Kanta na sunkuye, kitso rabi.

Na ce a mayar da fim baya. Matar cikin fim ɗin ta sake buɗe baki, ni kuma ban rage murya ba.

"Ina sonki."

Ta Tsafe ta ɗago kai, ta dube ni.

"Ban ji ba," in ji ta. "Sake hwaɗi."

Na sake.