Baƙin Famfon Inna Sheƙi

Shekara ashirin da bakwai Inna Sheƙi ta yi tana wanke banɗakunan wani otal, hawa na biyu da na uku, ɗaki talatin da ɗaya. A can aka laƙaba mata sunan. An ce idan ta gama da famfo, baƙo kan tsaya ya gyara gashin bakinsa a jikin ƙarfen, ya manta akwai madubi. Ba ta yarda da ƙarfen da ba ya ƙyalli ba. Mutane ma ba ta cika yarda da su ba, tunda su ba a sa musu soso a ga abin da ke ƙasa. Manaja biyar ta yi zamani da su, kuma kowanne ta san abin da yake ɓoyewa a durowarsa.

Da gwiwa ta ƙi, ta ajiye aiki, ɗanta ya ɗauko ta ta dawo gidansa. Shi direban babbar mota ne, sati uku a hanya, kwana huɗu a gida, biyu daga ciki barci. Don haka zaman na Inna ne da matarsa, wata nas mai ƙaramar murya, wadda ke kallon mutum kamar tana auna masa zafin jiki.

Wannan kallon ne ya hana Inna sakewa, domin tana da abin ɓoyo. Kusan shekara guda ke nan idonta na hagu ya yi hazo, na dama ma ya fara bin sahu. Fari a kan fari ya daina rabuwa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ga yadda aka yi da ƙawarta ta otal: ranar da aka ce ido ya tafi, 'ya'ya suka karɓe wuƙa, suka karɓe ashana da tsintsiya, suka dasa ta a kujera kamar tukunyar fure. Inna ta ƙudurta ba za a dasa ta ba. Ta haddace gidan taku-taku, idan kuma ta yi karo da kujera sai ta yi faɗa a kan wanda ya matsar da ita.

Akwai ɗan banɗaki kusa da ɗakinta, irin wanda in ka buɗe hannu biyu ka taɓa bango biyu, in ka yi atishawa ka bugi ƙofa. Wata safiya Nas ta ce za a gyara shi. Mai gyaran famfo ya yi kwana uku yana ƙwanƙwasa. Da aka buɗe ƙofa, tayil yana nan fari yadda yake, amma famfo, kan shawa, maratayin tawul, hannun ƙofa, bakin madubi, har da wani sabon ƙarfen dafawa a gefen masai, duk sun koma baƙi-baƙi kamar gindin tukunya, da ɗan ja-ja a gefe inda hannu ke yawan taɓawa.

"Ya yi miki, Inna?" in ji Nas.

"An gode," in ji Inna. A bakinta wannan kalmar takan nufi an buɗe bincike.

Da Nas ta fita aiki, Inna ta leƙa banɗakin ma'auratan. Nasu famfon fari ƙal, yana walƙiya. Ta dawo nata ta shinshina, ta ji ɗan ƙanshin mai. Ta sa farce ta kankara. Ta gyaɗa kai. Ita za a yi wa wannan? Ita da ta san ranar da otal ya cire tsofaffin famfuna, ta kuma san gidan manajan da suka kwana? An je an kwaso tarkacen wani rusasshen gida, an shafa musu mai, an liƙa wa tsohuwa, tunda tsohuwa ba ta da sauran daɗewa. Ko dai Nas ce ta shirya, ko mai famfo ya musanya na kirki ya sa na bola. Ko kuma bakinsu ɗaya.

Kwana biyu bayan nan mai famfo ya dawo ƙara ɗaure wani bututu da ke ɗiga. Inna ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta toshe masa hanyar fita.

"Ɗan nan, gidan wa aka rushe?"

"Wane gida, Inna?"

"Wanda ka ciro waɗannan."

Ya yi dariya har kansa ya bugi ƙasan kwanon wanke hannu. "Sababbi ne fil, ni na yaga ledarsu. Tagulla ce. Haka ake yin ta tun daga kamfani, a sa fuskarta ta yi duhu, a shafe da mai, ta fito kamar ta shekara hamsin. Shi ake yayi yanzu."

"Tsufa ake yayi? Ashe ni ma ina kan layi ban sani ba."

"Ke ai asali ce, Inna, su kwaikwayo ne."

"Bar daɗin baki. Ina kwalinsu?"

"Masu shara sun kwashe."

"Sun kwashe," ta maimaita a hankali.

Da zai tafi ya ƙara da abin da ya gama lalata masa shaida. Ya ce kada a sa musu soson ƙarfe ko garin goge tukunya, tsumma mai laushi da ruwa kawai. Inna ta raka shi da ido har ƙofa. A duk shekarunta na aiki, abin da ke tsoron soso yana da abin da yake ɓoyewa.

Sati guda ta yi tana haƙuri, tana lura da Nas. Nas ta kawo mata shayi, Inna ta ce a ranta, toshiyar baki. Nas ta tambaye ta ko shawa tana zuba da kyau, Inna ta ce a ranta, tana son jin ko na gane. Ranar da Nas ke da aikin safe har yamma, Inna ta ɗaura zani a ƙirji, ta haɗa lemon tsami da gishiri da garin goge tukunya, ta ɗauko sabon soson ƙarfe, ta rufe kanta a banɗaki.

Baƙin ya yi taurin kai, amma bai san da wa yake yi ba. Kafin rana ta karkata, famfon ya fito rawaya mai haske, ƙarfen dafawa ma rabinsa ya bi. Ruwan da ke gangara cikin kwano baƙi ƙirin. Ga shaida nan. Inna ta miƙe da ƙyar, ta ja baya har bayanta ya taɓa ƙofa, don ta ƙare wa aikinta kallo.

Ba ta ga famfon ba.

Hasken taga ya faɗo a kansa, ya haɗe da farin tayil, wurin ya zama hazo mai walƙiya. Maratayin tawul kuwa, wanda ba ta kai gare shi ba, yana nan a bango kamar an ja layi da tawada. Hannun ƙofa yana nan. Ƙarfen dafawa rabi yana nan, rabi ya ɓace. Ta miƙa hannu tana lalube, sai da ta shafi bango sau biyu kafin ta kama famfon. Nan ta tuna tun ranar da aka sa baƙin famfon ba ta yi wannan laluben ba.

Ta zauna a kan murfin masai, soso a hannu. Zargin farko ya tafi, wanda ya fi shi nauyi ya maye gurbinsa: an san halin da idonta ke ciki.

A nan Nas ta same ta. Ta kalli famfon, ta kalli baƙin ruwan, ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Tun yaushe kika sani?"

Nas ba ta yi kamar ba ta gane ba. "Wata huɗu. Na wuce ƙofa a buɗe, na ga kina shafa bango kina neman famfo. Wata rana kuma kin yi wa farar rigata ta aiki magana tana rataye."

"Na ɗauka ke ce. Ai ita ma ba ta cika amsawa ba." Inna ta juya soson a hannunta. "Kin gaya wa mijinki?"

"Idonki ne. Ke za ki faɗa."

"Sai kuma a karɓe mini wuƙa."

"In na karɓa wa zai yanka albasa? Ni hawaye take sa ni." Nas ta tsuguna a bakin ƙofa, don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu. "Ina jin yanar ido ce kawai, Inna. Ana cire ta a wuni ɗaya, mutum ya dawo gida. Likitan ido yana zama ranar Alhamis. Na rasa ta inda zan fara miki maganar ne, kin san halinki."

"Shi ya sa kika aiko mini da famfo ya yi magana."

Nas ta sunkuyar da kai tana danne dariya.

Inna ta daɗe tana kallon inda take zaton fuskar yarinyar take. Ta nemi ƙarya a muryar, ta juya ta gaba da baya, ba ta samu ba, abin har ya ɗan ba ta haushi.

"Dubawa kawai zai yi," ta ce. "Ban ce a taɓa ni ba. Kuma ba mai riƙe mini hannu a titi."

Ranar Alhamis ta riga Nas shiryawa. Ta ƙi a ɗaukar mata jaka, ta hau mota da kanta, ta tambayi Nas sau uku shekarar likitan nawa yana aiki da kuma ko akwai wanda ya taɓa kai ƙararsa. A ƙofar asibiti akwai matakala shida, farare tas, rana na dukansu. Inna ta tsaya a gindinsu kamar tana gyara mayafi. Sannan ta miƙa yatsu biyu ta kama hannun rigar Nas.

"Saurinki ya yi yawa, 'yar nan," ta ce. "Rage."