Alkawarin Bakin Tafki da Delbert Ya Tafi da Shi

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da hantsi, Marlene ta kira ni ta ce mahaifinta ya rasu. Kai ke nan, Delbert Hruska, abokina na shekara arba'in da ɗaya. A kan kujerar gareji ta same ka, gahawarka ba ta ko huce ba. Ranar Asabar muka binne ka, ranar da na saba wuni a gefenka.

Mutanen layinmu za su tuna ka duk lokacin da ƙanƙara ta toshe ƙofofi, don kai ne kake fara share ta gidan tsohuwa Eunice kafin taka. Motar kowa ta ƙi tashi da sanyin safiya, kai ake bugawa waya. Ka zo kana mita, ka gyara kana mita, a gode maka ka ƙara ɗaure fuska.

Ni kuwa abin da ka yi mini ya fi wannan. Da matata ta rasu, na yi wata biyu ban ɗaga labule ba. Ba ka zo da lallashi ba. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Vern, ina neman mai riƙe min tocila. Hannunka rawa yake yi, amma haka zan yi maneji da kai." Tun daga ranar nake da wurin zuwa.

Abin da nake haska maka jar mota ce, Corvette ƙirar 1962, mai rufin da ake naɗewa baya. A rumbun wani manomi ka samo ta, kaji na ƙwai a kan kujerunta. Shekara goma sha bakwai muka yi a kanta. A gasar tsofaffin motoci ta farko da muka shiga, alƙalai suka leƙa ƙarƙashinta da madubi suka rage maka maki, wai fentin ya cika kyau, na asali yana da ɗigo a nan da can. Ka ƙare hunturun nan kana koyon yadda za ka maimaita kuskuren wani lebura da ya yi aikinsa a gurguje tun muna samari. Na yi maka dariya har da hawaye. Shekarar da ta biyo baya ka ɗauko kofin.

Kullum kana cewa da zarar mun ci kofi za ka sauke rufin, ka tuƙa, ni ina gefe, mu je bakin tafki mu ci soyayyen kifi. Da kofin ya zo sai magana ta canza. "Tsakuwa ɗaya, Vern, tsakuwa ɗaya ta tashi shi ke nan, aikin shekara sha bakwai ya tafi." A bayan tirela take zuwa ko'ina. Shekara shida, mil goma sha ɗaya kacal ta taka. Na ji haushinka, Delbert, kuma ban ɓoye maka ba. Ka ce baɗi.

Yanzu motar ta shiga kasuwa. Marlene a bene take zaune a Chicago, ba ta da inda za ta ajiye ta. Ta ce ni zan rubuta tallar, tunda babu notin da ban haska ba. Na rubuta kofin, na rubuta fentin, na rubuta mil goma sha ɗayan nan da masu saye suke so su gani. Na san wanda zai saye ta ma kulle ta zai yi.

Marlene ta karanta, sai ta ajiye mini makulli a kan takardar. "Kawu Vern, Baba ya yi maka alkawari, ko ba haka ba?" Na ce mata in na fita da ita farashin zai faɗi. Ta ce, "Ya faɗi mana." Na ce ta zo mu je tare. Ta girgiza kai, ta ce ba za ta iya shiga ba tukuna.

Jiya na sauke rufin na fita. Iska ta huda ni har ƙashi, injin kuwa yana ta kukan da ba ka taɓa ji a kan buɗaɗɗen titi ba. Na zauna a kujerarka, tawa ta tafi babu kowa. Sau biyu na juya zan gaya maka wani abu. A bakin tafki na sayi kifi, na ci ni kaɗai a tsaye, don kada maiƙo ya taɓa maka kujera.

A hanyar dawowa tsakuwar taka ta zo. Ta bar tabo kamar ƙwayar shinkafa a saman fitilar hagu. Na gyara tallar: mil sittin da uku, tabo ɗaya. Ban shafe shi da fenti ba, kuma ba zan bar kowa ya shafe ba muddin makullin yana hannuna.

Ka yafe mini tabon, ni ma na yafe maka shekara shidan. Allah ya jiƙan ka, ya yi maka rahama, ya saka maka da ƙofofin da ka share wa mutane. Ya ba Marlene da 'ya'yanta da ƙanwarka Lorraine haƙurin rashinka. Ni kuma ya nuna mini yadda zan yi da ranakun Asabar.