Wayar da ta ratsa gonar masara

A daminar da aka girke mu a hanyar Kuyello, ni ne kofur mai kula da sadarwa. Rediyoyinmu na oba-oba sun tsufa, da an gangara kwari sai su ɗauke. Don haka na shimfiɗa wayar tarho daga sansani zuwa wurin gadinmu na kan tudu, ta ratsa gonar masarar wani dattijo.

Wayar nan ta gasa mini aya a hannu. Ba a kwana biyu sai ta tsinke, kuma kullum a gonarsa. Ga doka, ba mai fita gyara sai da rakiyar masu bindiga. Mu zo mu tarar da shi tsaye da fartanya, ya ɗaura tsumma daidai inda ya sare.

"Kofur, yi haƙuri, ido ne ya tsufa."

"Baba, idon naka bai taɓa sare masara ba, sai wayata?"

Rannan ina cikin haɗa bakin wayar na ɗaga kai. Gonakin da muka tarar ba kowa sun cika, maza da mata sun duƙa suna noma kamar ana korarsu. Muna tashi, suka saɓa fartanya suka biyo bayanmu. Ɓarayin daji sun hana kowa taka gonarsa, sai in soja na kusa.

Na ce, "Baba, ashe da gangan kake yi."

Bai musa ba. Ya ce jikokinsa marayu ne, masarar nan ita ce abincinsu na shekara.

Daga ranar, gyaran da nake gamawa nan da nan ya koma tun hantsi har azahar. Sajenmu ya yi ta zagina, wai hannuna ya mutu. Na shanye.

Masara ta fara goyo aka kawo mana sababbin rediyo masu caji da hasken rana. Oga ya ce a naɗe waya, wata runduna na buƙatarta. Na roƙa a bar ta saboda ko-ta-kwana, ya kalle ni sau ɗaya, na ƙame na sara masa.

Dattijon ne ya taya ni naɗewa. Yana kwance tsummokaransa ɗaya bayan ɗaya yana cusawa a aljihu. Da muka kai bakin gona ya ce, "To, Kofur, yanzu me zan sara?" Wallahi ban iya ɗaga ido na dube shi ba.

Da girbi ya zo, dattijon ya tafi gona shi kaɗai. Ni na karɓi kiran a sabon rediyon, murya rangaɗau, ba ko ƙara: an ga gawar wani tsoho cikin masara, a turo mota. Har na bar aikin soja ban daina jin haushin rediyon nan ba.

Ranar ma da rakiya muka je, bindigogi ko'ina, muka daɗe a gonar. Ba wanda ya biyo mu da fartanya.