Tatsuniyar da Iya Ta Kwana Uku Tana Jiran Mai Amsawa

Shekarun da kuɗin mai suka buɗe, Baffa Sabo ya samu aikin direba a Kano. Duk ƙarshen wata sai ya dawo Wudil da labarin finafinan soyayya da ya gani a silima. Kai, mutumin nan ya iya zuba! Yana yi yana dafe ƙirji, yana waƙa da yaren da shi kansa ba ya ji. Mu jikoki duk muka watse daga bakin murhun kakarmu Iya, muka koma wurinsa.

To ita tatsuniya tana da ƙa'ida. In mai bayarwa ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", sai an amsa kafin ta ci gaba, kuma Iya ba ta karya wannan ko da wasa. Bayan isha ta iza wuta, ta faɗa da ƙarfi. Shiru. Washegari ta sake, shiru. Ba ta kira kowa ba, ba ta roƙi kowa ba, ta zauna tana gasa gyaɗarta.

Rana ta uku kwaɗayin gyaɗar ya kai ni, gaskiya ba son labari ba. Tana faɗa bakina ya kufce: "Ta zo mu ji ta."

"Yauwa takwara, zauna. Bar su da surutun Sabo."

Wai wata yarinya ce ke son wani masunci a hayin kogi. Masu fito suka ƙi ɗaukarta, sai ta ce da kanta za ta haye. Damina biyu tana koyon tuƙa kwalekwale, tana kifewa, ana mata dariya. Ranar da ta isa hayin, ta tarar ya daɗe da bin ruwa neman kifi ya yi gaba. Ta yi kukanta ta more, ta share fuska, ta juyo da kwalekwalen, har ta ɗauko wata tsohuwa da tukwanenta.

"Shi ke nan? Ba su yi aure ba?" Haushi ya kama ni.

"Ke dai aure kika ji. Ba ki ji ta iya tuƙi ba?"

Kwanan nan ni da 'yata muka zauna kallon irin finafinan nan na yanzu marasa hayaniya, inda yarinya ke girma, ta so wani, a rabu, a tashi ba biki. Ita tsaki take ja, ni kuwa ina son su, don na san abin da yarinyar ke fita da shi. Na rantse sai ta ji labarin kwalekwalen nan daga bakina, ko tana so ko ba ta so. Na tambayi duk 'yan gidanmu, ba wanda ya taɓa jin sa. Iya ba ta ga daminar da ta biyo baya ba, kuma ni kaɗai na zauna a wurinta a daren nan.