Maɓallin “Na Tashi”

Shekarar da na shiga karatun jami'a ta waya, ajina shi ne butikin babana da ke bakin babbar kasuwar Malanville. Shinkafar Garou muke saidawa da albasa, buhu-buhu, da kuma awo ga masu sayen kaɗan. Ƙarfe goma na safe malamin kan fara darasi daga can kudu, ni kuwa ina zamne bisa buhu, kunne guda da ekutar ta sauraro, ɗayan na bar wa kasuwa. Kamara kullum a kashe take. Mu shida ne daga garinmu cikin ajin, duk haka muke. Taubashina, ɗan kawuna, ya hi kowa: bisa babur ɗinshi na kabu-kabu yake sauraren darasi, shina kai mutane gada suna ƙetarawa Gaya.

Wata Talata sai saƙo ya shigo gurup ɗinmu, wai makaranta za ta turo wata mata ta ga yadda ɗaliban nesa ke karatu, don a yi muna wata manhaja ta waya. Nan take taubashina ya kira ni.

“Kin gani? Korarmu za su yi. An gaya musu ba mu saurare.”

“Wa ya gaya musu?”

“Wa ya sani? Halan ke.”

Wasa yake, amma ban yi dariya ba. Da na gaya wa Baba, sai ya ce shi tun da yake kasuwa bai taɓa ganin wanda ya zo da kaye da bik na rubutu don alherin mai butiki ba. Ko ma'aikacin duwan ne mai karɓar kuɗin fito, ko na haraji.

Ta zo ran Laraba. Doguwa ce, mutuniyar kudu, ba Hausa ba Dendi, sai Faransanci. Na riga na shirya mata. Na aro tebur da kujera wajen telan da ke maƙwabtaka da mu, na jera littattafai, Baba ya zamna bakin ƙofa shina tare masu saye. Sa'a biyu ban motsa ba, ina rubutu kamar wadda ba ta taɓa sanin mudu ba. Ita kuma ta zamna gefe tana kallona. Da anka tashi sai ta yi murmushi ta ce teburin ya yi kyau, sai dai akwai guntayen zare a jikinshi. Ta yi godiya ta tahi.

Ran Juma'a, kasuwa na tsakiyar ci, sai ga ta ba sallama ta waya ba komi. Ta iske ni tsugune ina ɗaure bakin buhu, wata Bazabarma na yi mini faɗa bisa albasar da ta ce ta ruɓe, malami kuma na bayani cikin kunnena. Ba yadda zan yi. Na nuna mata wuri ta zamna, na ci gaba da abin da nake.

Abin da ya dame ni shi ne bik ɗinta. Duk sanda na miƙe sai in ga hannunta ya motsa. Da ta hita amsa waya, na leƙa kayen. Ba wani rubutu mai yawa, layi-layi ne gajeru a jere, irin na mai ƙidayar buhu a kamiyon ɗaukar kaya, sama kuma ga harafin farko na sunana. Na ƙirga layukan, sun kai yawan tashin da na yi. Da ta dawo, ruwan da na yi niyyar ba ta sai na bar shi cikin kula.

Bayan sati biyu ta tara mu shidan a bayan butikin ta nuna muna abin da sunka fara ginawa. Za ka bar kamara a buɗe, in wayar ta ga fuskarka ta kauce sai ta yi ƙara ta tuna maka. Taubashina ya ce shi in ya kalli waya bisa babur, jandarma ko kabari, ɗaya zai ɗauke shi. Na fassara mata, ta rubuta. Baba da ke jin mu daga ƙofa ya matso.

“Ɗiyata, tambaye ta. Hoton nan da waya ka ɗauka, wa ka ganinshi?”

Na tambaye ta. Ta ce ba kowa, cikin wayar yake tsayawa.

“Yau ke nan. Gobe hwa?”

Ta ce ita gini take yi, makaranta ce ta sa ta aikin, kuma ba za ta iya rantsewa bisa abin da za su nema nan gaba ba. Na fassara kalma da kalma. Baba ya gyaɗa kai ya ce mata, “Madam, kin faɗi gaskiya,” ya koma wurinshi. Da ta tahi sai ya ce mini kar in kuskura in sa abin nan a wayata. Ni ma ban yi niyya ba. Gaskiyar da ta faɗa ita ce ta ƙara mini tsoro, don in wadda ta gina abu ba ta san inda zai ƙare ba, ni wa zan tambaya?

Wata uku ba mu ji ɗuriyarta ba, har na ɗauka an bar zancen. Sai bayan an fara girbin shinkafa ta dawo da wani abu dabam. Babu kamara. Maɓalli guda ne babba, kore, da ya cika rabin fuskar waya, an rubuta “Na tashi”. In mai saye ya zo sai ka danna, in ka dawo ka sake dannawa. Bayan darasi manhajar ta tattaro maka guntayen da ka rasa, murya kawai, ƙanana, yadda ko rezon waya na rawa za su sauka. In kuma malami ya jefa wa aji tambaya, wayar ta girgiza cikin aljihu. Ta ce daga layukan kayenta ta gane tashin namu gajeru ne, minti ɗaya, minti uku, amma muna dawowa mun rasa zaren magana, sauran sa'ar duka ta lalace.

Na ji abin ya dace da ni kamar an auna. Shi ya sa ban yarda da shi ba. Duk dannawa shaida ce da hannuna cewa na bar aji.

Taubashina ya sa a ranar. Ni na yi kwana goma ina kallonshi ko wani abu zai same shi. Da ban ga komi ba na sa, ba tare da na gaya wa Baba ba, kuma na ɗana tarko. Akwai wani malami mai faɗa, wanda ba ya iya ɓoye abin da ya sani. Sati guda cur, a darasinshi, na zamna ban motsa ba, amma ina ta danna maɓallin kamar wadda ba ta zama ko minti biyat. Na ce in dai labari na kai musu, wanga ba zai iya haƙuri ba.

Litinin da ta biyo, kahin ya fara darasi, sai ya ce, “Wasunku suna tsammani ban san suna shiga suna hita ba.” Na jira ya kira sunana, bai kira ba. Na rubuta wa taubashina, ya amsa mini cewa ai mutumin nan tun farkon shekara yake faɗin haka duk Litinin. Na yi ta tunani, na kasa tuna ko gaskiya ne. Tarkon ya tashi bai kama komi ba, bai kuma wanke kowa ba.

Na ci gaba da amfani da shi, don yana aiki. Da la'asar, in kasuwa ta lafa, sai in saurari guntayena cikin kwatan sa'a, in cike gurbin da ke cikin kayena. Karo na farko na fara amsa tambaya a aji ba tare da na ce rezo ne ya yanke ba.

Sai a zango na biyu anka sauya jadawali. Darasin Juma'a da safe, wanda ya hi ba mu wuya, anka maida shi Talata. Sauran biyat ɗin sunka yi murna. Ni na kira matar.

“Madam, ta yaya sunka san Juma'a ce matsalarmu?”

Ta ce ta ba su jimilla ne gari-gari, babu sunan kowa.

“Mu shida ne a Malanville. Biyu ba su sa manhajar ba. Ni kaɗai ce mace cikin sauran.”

Ta ce ban yi kuskure ba, ba ta yi wannan tunanin ba, kuma daga yanzu za ta haɗe ƙananan garuruwa wuri guda, mu da Guéné da sauran na arewa. Na ce to. Ban san ko ta yi ba, ba ni da hanyar sani. Ranar na gaya wa Baba duk abin da ya faru tun daga fari. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya tambaye ni ko yanzu Juma'a zan iya tsayawa butiki da kunne biyu. Na ce i. Ya ce to wannan dai ya gani da idonshi, sauran kuma sai a sa ido.

Na ci jarrabawar shekarar, taubashina ma ya ci, da ƙyar. Ran da sakamako ya hito na shiga saitin wayata na rufe wa manhajar duk ƙofar da zan iya rufewa, na bar mata murya kaɗai.

Bana ƙanwata ta shiga makarantar. Ta zo ta same ni ina awo ta ce an turo musu wata manhaja, ko ta sa? Na ajiye mudun, na fara yi mata bayani dalla-dalla: abin da na san tana yi, abin da anka ce ba ta yi, da abin da har yau ban tabbatar ba. Ina cikin magana na ga babban yatsanta na motsi. Ta riga ta sa, har ta danna “Na yarda” bisa dogon rubutun da ba ta karanta ba. Ta ɗago ta ce, “Yaya, ci gaba, ina jin ki.”