Giris a Farantin Tirelar Baba

Ana sallame asuba muka tashi daga Konni, ni da mahaifina da ƙanena. Labari ya iso mana cewa an sayar wa masu yanka ƙarfe a Malbaza tirelar da Baba ya tuƙa shekara da shekaru, shi kuwa ya dage sai ya sake zama a kujerarta kafin wuta ta taɓa ta.

Gaban taksi muka kama masa shi kaɗai, kuɗin mutum biyu, don gwiwoyinsa sun daina lanƙwasuwa. A Tsarnawa muka sayi ƙosai mai zafi, buhunan albasa jibge a bakin hanya. Baba ko kallon ƙosan bai yi ba. Duk tirelar siminti da ta sha kwana sai ya bi ta da ido ya yanke wa direbanta hukunci, mafi yawa sun faɗi jarrabawa. Ya ce a tirela, kai da bodi abu biyu ne, ƙusa guda ta haɗa su a kan farantin ƙarfe. Kai ya fara juyawa, bodi ya biyo a hankali. In farantin ya bushe, sai mota ta ƙage ta ƙi bin kwana.

Mun sami tirelar Baba a bayan wani gareji, tayoyi a sace, an riga an cire bodin. Baba ya kama ƙofa ya ɗaga ƙafa, gwiwa ta ƙi. Sau uku yana gwadawa. Muka ce bari mu ɗaga shi, ya ce ba a loda direba kamar buhu. Na kau da kai, don idona ya cika.

Sai ya zagaya baya ya shafa farantin, tsatsa ta biyo hannunsa. Ya aiki ƙanena ya sayo giris, man da ake shafa wa ƙarfe.

Mai yankan ya yi dariya. "Baba, gobe za mu yanka ta, mi za ta yi da mai?"

"Ɗana, ban taɓa aje ta da busasshen faranti ba."

Da giris ɗin ya iso, da tafin hannu Baba ya shafe farantin tsaf, har gefe-gefe.

Da la'asar muka iso gida. Ni da nake ƙosawa da labaran motarsa, ranar na gane ba surutun tsufa ba ne, kewa ce. Kujerar dai bai hau ba. Amma ya ajiye motarsa yadda ya saba.